Gani Ya Kori Ji: Shaidar Talakawan Bakin Ruwa

Dattawan da suka yi wayo a zamanin En'e ba su manta da majigi ba. Mota ce ta kan iso gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin kasuwa, in duhu ya yi inji ya tashi, jama'a su zauna a ƙasa su kalli abin da Gwamnati ta ga dama ta nuna musu: yadda a ke noman auduga, kamar a cikin Baban Larai, da yadda a ke tsabtace gida, da Gwamna yana duba fareti. Ga tafinta a gefe riƙe da lasifika yana fassarawa. Daga sama magana ta ke saukowa, talaka kuwa nasa ido ne da kunne. Ba a taɓa jin ranar da manomi ya ɗauki hoton gonarsa da fara ta cinye, ya kafa wa Razdan ƙyalle, ya ce masa ranka ya daɗe zauna ka gani ba.

To, yau al'amarin ya juya. Wayar hannu da ke cikin aljihun ɗan dako tana ɗaukar hoto mai motsi da murya, wanda a ke kira bidiyo, kuma kafin a sha ruwa ya isa Ingila da Amurka. A unguwannin matalauta na manyan birane, musamman na bakin ruwa a Ikko da Fatakwal, samari da 'yan mata sun mai da wannan abu hanyar neman hakki. Su ne ke ɗaukar hoton, su ne ke kafa ƙyallen, mahukunta ne a ke kira su zo su gani. Wannan sha'ani ya cancanci malamai da fatake su dube shi da idon basira, domin asalinsa mas'alar shaida ce, kuma ba wanda ya fi alƙali da ɗan kasuwa sanin darajar shaida da hatsarinta.

A Fatakwal, babban birnin Jihar Ribas, akwai unguwanni fiye da 40 a gefen ruwa, ƙasa da tudun da garin ya ke. Yawancinsu ba bisa ƙasar da aka tarar a ke zaune ba. Mutane ne suka yanko baƙin taɓo daga cikin fadamar ruwan gishiri, wanda su ke kira chicoco, suka yi ta jibga shi kwando bayan kwando, shekara da shekaru, har wuri ya yi taurin da zai ɗauki ɗaki. Watau mazaunan su suka yi ƙasar da hannunsu kafin su yi gidan. A shekarar 2009 Gwamna Rotimi Amaechi ya bayyana niyyar rushe unguwannin nan, a kan cewa maɓoyar miyagu ne, kuma sun saɓa wa tsarin birni. Ran 28 ga Agusta na shekarar katafila ta shiga Njemanze, fiye da mutum 13,000 suka kwana babu rufi.

Wani mai shirya fim, Michael Uwemedimo, yana garin a lokacin, ya kuwa ɗauki hoton rusau ɗin. Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Da an bi al'ada, da hoton ya haye teku, Turawa su kalla a zaurukansu, su yi tsaki, shi ke nan. Maimakon haka sai aka mai da shi ga masu shi. Aka samo allon majigi irin wanda a ke hura wa iska, aka riƙa yawo da shi unguwa unguwa da dare, mutanen wannan bakin ruwa suna ganin abin da ya sami na wancan. Da ma kowace unguwa tana zaton masifar tata ce ita kaɗai, wasu ma da tsohuwar gaba ta ƙabila a tsakaninsu. Da suka ga kujerun maƙwabta da tukwanensu zube a titi, kowa ya gane nasa a ciki. Daga nan ƙungiyar da a ke kira CMAP ta kafu, ta koya wa matasan unguwannin riƙe kyamara, da haɗa shirin rediyo, da zana taswira, aka kuma raɗa wa gidan rediyon nasu sunan taɓon nan, Chicoco.

Ran 12 ga Oktoba 2009 ma'aikatan Gwamnati suka je unguwar Bundu da rakiyar masu bindiga domin su ƙidaya gidajen da za a rushe. Jama'a suka fito, mata da maza, suna waƙa suna nuna rashin yarda. Aka buɗe musu wuta, aƙalla mutum 12 suka ji rauni mai tsanani. Hukuma ba ta amsa laifi ba, ba ta kuma yi binciken da ya dace ba. Mutanen Bundu suka tattara bayanin waɗanda aka harba da hotunan raunukansu, suka kai ƙara Kotun ECOWAS. Shari'a ta ja, kamar yadda ta saba, har Yuni 2014, sa'an nan kotu ta yanke cewa Gwamnatin Nijeriya ta keta hakkinsu na yin taro cikin lumana, ta kuma umurta a biya diyyar naira miliyan 11. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba in an auna su da jinin da ya zuba. Amma fa an rubuta a littafin kotu cewa abin ya faru, alhali da can ana cewa bai faru ba.

Wanda ya ke son sanin bambancin da hoto ya kawo, sai ya tuna da Maroko. A Yuli 1990, zamanin mulkin soja, Gwamnan Ikko Kanar Raji Rasaki ya ba mutanen Maroko wa'adin kwana 7, sa'an nan aka share unguwar baki ɗaya a tsakiyar damina. An ƙiyasta mutum 300,000 ne suka tashi, watau jama'ar da ta fi ta birane da dama. Filin ya zama unguwar masu hannu da shuni, ƙasarsa tana cikin mafi tsada a Nijeriya. A wancan lokaci kyamarar bidiyo sai gidan talabijin na Gwamnati da 'yan tsirarun attajirai masu ɗaukar biki. Sabo da haka abin da ya rage na Maroko bai wuce 'yan hotunan jarida da takardun lauyoyi da labarin tsofaffi ba, tsofaffin kuwa suna ta ƙarewa.

Shekara 26 bayan haka aka zo kan Otodo Gbame, wani ƙauyen masunta a gefen tafkin Ikko ta wajen Lekki, mafi yawan mutanensa 'yan ƙabilar Egun. A Oktoba 2016 Gwamna Akinwunmi Ambode ya sanar cewa za a rushe dukan bukkokin bakin ruwa na jihar cikin kwana 7, domin a cewarsa masu satar mutane a can su ke fakewa. Unguwannin suka haɗa kai ƙarƙashin tarayyarsu ta mazauna unguwannin matalauta, da taimakon wata ƙungiyar lauyoyi mai suna JEI, suka garzaya Babbar Kotun Ikko. Ran Litinin 7 ga Nuwamba kotu ta hana a taɓa su sai an gama shari'a. Ran Laraba 9 ga wata wuta ta tashi a Otodo Gbame, da tsakar dare katafila ta bi baya da rakiyar 'yan sanda, kafin azahar ta washegari mutum wajen 30,000 sun rasa matsuguni. Waɗansu, har da yara, sun faɗa ruwa garin gudu, ba su fito ba.

Gwamnati ta ce ba hannunta. Ta ce faɗan ƙabilanci ne ya ɓarke tsakanin mazauna wurin da maƙwabtansu, wutar kuma daga nan ta tashi. A zamanin Maroko da maganar ta tsaya nan, domin bakin Gwamnati ya fi na masunci tsawo. Amma wannan karo wayoyi sun yi aiki, an ga katafila, an ga masu kaki. Aka koma kotu, alƙali ya umurci ɓangarorin biyu su zauna su sasanta, sai ga shi ran 17 ga Maris 2017 an sāke rushe abin da mutane suka tattaɓa suka gina, wajen mutum 4,700 suka sāke fita fili. Ran Lahadi 9 ga Afrilu da asuba aka zo da na ƙarshe, da barkonon tsohuwa da harsashi. Jama'a suka dure cikin kwale-kwale suka tsaya tsakiyar tafki suna kallon hayaƙin gidajensu, ba halin komawa tudu. An harbi wani saurayi a wuya, ya cika kafin a kai shi asibiti. Hoton kwale-kwalen nan jere bisa ruwa, cike da mata da jarirai da katifu, ya zaga duniya a yinin.

Ran 21 ga Yuni 2017 Mai Shari'a Adeniyi Onigbanjo ya yanke hukunci cewa tashin mutane da ƙarfi, ba sanarwa isasshiya, ba wurin da aka tanadar musu, wulaƙanci ne da rashin imani wanda ya saɓa wa sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999, mai kare mutuncin ɗan Adam. Ya umurci Gwamnati ta daina, ta kuma zauna da waɗanda aka kora a kan inda za a tsugunar da su. A Nuwamba na shekarar ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto, inda ta ƙidaya aƙalla mutum 11 da suka mutu da 17 da suka ɓace a rusau na bakin ruwan Ikko, kuma cikin hujjojinta akwai bidiyon da mazauna suka ɗauka, wanda aka gwada da hotunan tauraron ɗan Adam na kafin rusau da na bayansa.

Nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya, kada murna ta ɗebe shi. Hoto ya tabbatar da gaskiya, kotu ta yi adalci, amma mutanen Otodo Gbame ba su koma ba. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Aka cike bakin ruwan da yashi domin gina gidajen alfarma, masuntan kuwa suka warwatsu cikin wasu unguwannin ruwa, wasu suka daɗe suna kwana a kwale-kwale. A Janairu 2020 sojan ruwa suka kori mutanen Tarkwa Bay da harbi a sama, a Janairu 2022 katafila ta koma bakin ruwan Diobu a Fatakwal, a 2023 aka rushe wani sashe na Oworonshoki. Duk an ɗauki hotonsu, duk an watsa. Ashe kyamara ba ta tsai da katafila. Duk wanda ya ce wa talaka wayarsa ta zama garkuwa ya ruɗe shi, kuma ruɗin na iya sa ya tsaya inda ya kamata ya gudu.

Abin da hoton ya ke yi ya fi wannan ƙanƙanta, amma ba na yarwa ba ne. Yana toshe ƙofar musu. Yana tilasta wa kakakin hukuma ya bar cewa ba a yi ba ya koma cewa ga dalilin da ya sa aka yi, wannan kuwa babban ci gaba ne, domin dalili ana iya auna shi a gaban alƙali, musu ba a iyawa. Yana kuma sa rusau ya yi wa mai yinsa tsada ta wajen suna, musamman ga Gwamnan da ke neman rancen Bankin Duniya ko masu zuba jari na ƙetare. A Badia ta Gabas, inda aka rushe gidaje a Fabrairu 2013 cikin yankin da wani aikin Bankin Duniya ya shafa, matsin da ya biyo baya ya sa aka biya wa mutane wani abu, ko da ya ke bai kai asararsu ba. Inda ba mai ba da rance da za a ji kunyarsa, sau da yawa ko wannan ba a samu.

Adalci ya wajabta a ji ta bakin Gwamnati. Gaskiya ne unguwannin nan suna fama da ƙazanta da ambaliya da gobara, gaskiya ne kuma miyagu su kan fake a cikinsu, kamar yadda su kan fake a unguwannin masu kuɗi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ta ba shi ikon karɓe fili domin maslahar jama'a. Birnin da ke ƙaruwa kamar Ikko ba zai zauna ba hanya ba magudanar ruwa ba. Ba wanda ya ce kada a taɓa tashin kowa har abada. Amma Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin zaman rayuwa tun 1993, kuma a 1997 kwamitin yarjejeniyar ya bayyana sharuɗɗan tashin mutane: a yi shawara da su tukuna, a ba su wa'adi mai ma'ana, ma'aikatan da za su yi aikin su bayyana kansu, kada a yi da dare ko cikin mummunan yanayi, a bar musu hanyar kai ƙara, kada kuma a bar kowa a titi. In an ɗora bidiyon Otodo Gbame bisa waɗannan sharuɗɗa, da wuya a sami guda da aka cika. Kuma dokar 1978 amana ta kira riƙon da Gwamna ya ke yi wa ƙasa. Karɓe wurin masunci a miƙa wa attajiri ya gina gidan haya, kiran wannan maslahar jama'a yana bukatar tawili mai nisa ƙwarai.

Akwai wani abin mamaki da ya faru cikin makon korar ƙarshe. Kwana 3 bayan 9 ga Afrilu 2017, hukumar EFCC ta buɗe wani ɗaki a wani dogon bene a Ikoyi, ta tarar da tsabar kuɗi fiye da dala miliyan 43 a jibge, tsakaninsa da tokar Otodo Gbame tafiyar mota ce ta ɗan lokaci. Matasan unguwannin ruwa da suka koyi aikin kyamara ba su bar wannan ya wuce ba. Suka haɗu da waɗansu gwanayen fim cikin wata ƙungiya mai suna Agbajowo, suka shekara da shekaru suna shirya fim na ƙagaggen labari, The Legend of the Vagabond Queen of Lagos, a kan wata matashiyar uwa 'yar bakin ruwa da ta yi tuntuɓe da ɓoyayyen kuɗin wani ɗan siyasa a daidai lokacin da a ke shirin cinye unguwarsu. An fara nuna shi a bikin fina-finai na Toronto a ƙasar Kanada cikin Satumba 2024, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fito a ciki mutanen unguwannin ne da kansu.

Wannan mataki yana da hikima. Hoton rusau mutum ya kan nuna shi a ranar da ya fi kowace rana ƙasƙanci, yana kuka, yana ɗauke da katifa a ka. Mai kallo ya kan ji tausayi, amma tausayin da a ke ji wa wanda ba a sani ba gajere ne, kuma in hotuna irin wannan suka yi yawa ido ya kan saba. Shi ya sa matasan Chicoco da na Ikko suka fi ba da ƙarfi ga ranakun da ba katafila: mai gyaran komar kifi, da malamar makarantar da aka gina bisa turaku cikin ruwa, da mata masu banda kifi, da taron dattawa kan gyaran gada. Wanda aka san sunansa da sana'arsa ya fi wuyar sharewa bisa wanda aka sani da ɗan share-wuri-zauna kawai. Haka kuma taswira. Yawancin unguwannin nan ba sa cikin taswirar Gwamnati, a takarda fadama ce ko ruwa. Matasan Fatakwal sun bi lungu lungu sun zana nasu, a 2019 kuma aka zana Makoko ta Ikko da kwale-kwale da ƙaramin jirgi maras matuƙi. Mai sa hannu a takardar rusau ba zai ƙara cewa ya zaci ba kowa a wurin ba.

Sai dai shaida tana da sharuɗɗa, malamai kuwa sun fi kowa sanin haka. Ba a karɓar magana don daɗinta, sai an tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaushe, a ina, shin mai adalci ne, shin mai kiyayewa ne. Bidiyo ma haka ya ke, don kuwa gani ya kori ji ne in an tabbata abin da aka gani shi ne abin da ya faru. Sau nawa aka ɗauko hoton wata ƙasa ko na shekarun baya aka liƙa masa sunan wani gari, jama'a suka yi ta turawa a WhatsApp har fitina ta tashi? Ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta, wadda ke iya ƙaga hoton abin da bai auku ba, da fuska da murya. Illarta biyu ce. Tana sa a gaskata ƙarya, tana kuma ba azzalumi mafita ya ce hoton gaskiya ma ƙagagge ne. Bidiyon ƙarya guda da aka kama a hannun masu neman hakki ya isa ya zubar da darajar ɗari na gaskiya.

Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 84, ta yarda a karɓi abin da na'ura ta ɗauka, amma sai an bayyana wace na'ura ce, an kuma tabbatar tana aiki daidai a lokacin. Ƙungiyar WITNESS, wadda aka kafa a 1992 bayan wani mutum ya ɗauki hoton 'yan sandan Los Angeles suna dukan Rodney King a 1991, ta daɗe tana koyar da ladubban wannan aiki, kuma ba su da wuya. Mai ɗauka ya faɗi rana da sa'a da wuri da bakinsa a farkon hoton. Ya nuna wata alama da ba ta ɓoyuwa, kamar gada ko allon titi ko hasumiya. Ya riƙe hannunsa kada ya yi ta rawa, ya ɗauki lambar mota da ta kaki in ya samu hali, kada ya yanke ya haɗa. Ya ajiye na asali yadda ya ke, domin wanda aka tura ta WhatsApp ya kan zubar da bayanin lokaci da na na'ura da ke maƙale da shi. Ya kuma rubuta hannun wa da wa hoton ya bi kafin ya isa ga lauya. Wannan na ƙarshe isnadi ne ba wani abu ba.

Sa'an nan ga hakkin wanda aka ɗauka. Matar da wuta ta fitar da ita daga ɗaki da tsakar dare ba mayafi, ba ta ba kowa izinin ya nuna ta ga duniya ba, kuma zaluncin da aka yi mata bai halatta a ƙara mata da tonon asiri ba. Saurayin da aka ga fuskarsa yana gardama da ɗan sanda, hoton da aka ɗauka don a cece shi zai iya zama abin da za a kama shi da shi gobe. Sabo da haka masu hankali cikin matasan nan su kan nemi izini, su kan dushe fuska, su kan kuma riƙe wani hoton su kai wa lauya kaɗai ba tare da sun watsa ba. Mai ɗaukar ma ransa yana cikin hatsari, don an sha ƙwace waya a fasa ta, a haɗa da mai ita. Ba hoton da ya kai darajar rai. Ya kamata kuma ƙungiyoyin ƙetare da ke ba da kuɗin kyamara su sani cewa labarin na masu unguwa ne, kada wahalar mutane ta zama hajar neman tallafi a Turai alhali su ba su ga ko kwafi ba.

Kada mai karatu na Kano ko Katsina ko Damagaram ya ce wannan sha'anin masunta ne na kudu. Fatake sun san Agege da Idi-Araba da Mile 12, sun san rumfar da aka kwana da ita aka tashi babu. Tsakanin 2003 da 2007 rusau na Abuja ya tashi unguwanni irin su Idu da Karmo, inda 'yan Arewa da yawa ke zaune. A Ankara ta ƙasar Gana akwai Old Fadama, wadda sunanta ma Hausa ne, mafi yawan mutanenta 'yan arewacin Gana masu dako da ƙananan sana'o'i. A 2009 mazaunanta suka ƙidaya kansu gida gida suka sami kusan mutum 80,000, wannan adadi kuwa ya zama hujjarsu duk sa'ad da aka zo da maganar tashi, ko da ya ke bai hana a rushe wani sashe a Yuni 2015 bayan babbar ambaliyar birnin ba. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, ruwa a ke shafa wa nasa.

Abin da ya fi dacewa da ɗan kasuwa shi ne ya yi shaidarsa tun ana zaman lafiya. Sarkin kasuwa da shugabannin layi su sa a ɗauki hoton kowace rumfa da mai ita da kayan cikinta, a haɗa da rasit na haraji da na kuɗin rumfa da aka biya wa ƙaramar hukuma shekara da shekaru, domin hukumar da ta karɓi kuɗin wuri da wuya ta ce ba ta san da wurin ba. Mai unguwa da limami su sa yara masu waya su yi haka ga gidaje da makarantun allo da rijiyoyi da maƙabarta, dattawa su faɗi a gaban kyamara shekarar da aka sari wurin da wanda ya ba da izini. A ajiye kwafi a wurare biyu ko uku, ɗaya a hannun amintacce a wani gari, don waya ta kan ƙone tare da ɗakin da ta ke ciki. Majalisun jihohi kuwa, bashin da ke kansu shi ne su mai da sharuɗɗan nan na 1997 doka rubutacciya, wadda za ta faɗi kwana nawa ne wa'adi, da wanda zai sa hannu, da inda za a kai mutane kafin katafila ta tashi, da hukuncin ma'aikacin da ya taka umurnin kotu kamar yadda aka taka na 7 ga Nuwamba 2016.